Bakin Kamaca: Lungun da Birni Ya Juya wa Baya

Duk baƙon da ya zo ganin birnin Zazzau, hanya ɗaya ake bi da shi. A shigo da shi ta Ƙofar Doka, a miƙe da shi zuwa Babban Dodo, a tsayar da shi a ƙofar fada ya ɗauki hoton zanen da ke jikinta, a nuna masa Masallacin Juma'a, in da sauran rana a fita da shi Kufena ya ga dutse. Ban taɓa jin an ce da wani baƙo ya gangara bakin Kamaca ba. Ni kaina da aka haifa a wurin, na kai shekara ashirin ban ɗauka akwai abin gani a lungunmu ba, balle abin rubutawa. Rabon gado ne ya sa na waiwaya.

Lungun ba shi da allo, ba shi da suna a takardar hukuma. Mu dai Bakin Rafi muke ce masa. Ya bi gefen rafin Kamaca yana karkacewa yadda rafin ya karkace, gidaje a hannu ɗaya, lambuna da ruwa a ɗaya hannun. Mota ba ta shiga sai babur, shi ma da damina sai an sauka an tura. Da hantsi ba abin da mutum zai ji sai tabarya daga cikin gidaje da kukan tattabaru, da dare kuma karatun almajirai a gindin wuta, kwaɗi suna amsa musu daga ƙasa. Wanda ya baro hayaniyar Tudun Wada ya shigo nan sai ya zaci ƙauye ya faɗa, alhali bai fita daga cikin ganuwa ba.

A nan gidan kakata yake, wadda muke kira Iya, Allah ya jiƙanta. Tana da wata magana da takan yi in ta ga yara suna watsa shara a rafi: "Ku bari! Rafin nan shi ne uwan garin nan." Haka take faɗa, "uwan gari", domin mu Zage-zagi ba mu cika wahalar da kanmu wajen raba namiji da mace a magana ba, shi ya sa har gobe muke cewa Ƙofan Doka da Anguwan Juma, Kanawa suna mana dariya. A lokacin na ɗauki maganarta irin ta tsofaffi ce kawai. Sai da na fara karatun tarihi na gane cewa tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta riga malamaina faɗin abin da suka daɗe suna kewayawa.

Tarihin Zazzau yadda aka koya mana shi tarihin takobi ne. An ce Bakwa Turunku ta hau sarauta wajen 1536, aka taso daga Turunku da ke kudu aka dawo wannan fili da ke tsakanin dutsen Kufena da na Madarkaci. An ce 'yarta Amina ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, duk inda ta ya da zango sai ta gina ganuwa, ƙanwarta Zariya kuma ta bar wa birni sunanta. Duk wannan mun haddace. Abin da ba a tambaye mu a jarrabawa ba shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi nan ɗin. Dutse yana ba da mafaka, amma ba a shan dutse. Ganuwar Zazzau, wadda kewayenta ya kai tsakanin kilomita 14 da 16, ta fi ƙarfin gidajen da ke cikinta nesa ba kusa ba, kuma ba ganganci magabata suka yi ba. Sun zagaye gonaki da fadamu da makiyaya, suka sa rafi a tsakiya, domin in abokan gaba sun tsare ƙofofi wata da watanni a sami abin sha, a sami abin ci, dawaki su sami ciyawa. Kamaca tana ratsa birni ta faɗa Kubanni, Kubanni ta faɗa Galma, Galma ta kai wa kogin Kaduna, shi kuma ya miƙa wa Kwara har teku. A taswira ɗan siririn zare ce. Amma ita aka yi wa ganuwa, kamar yadda aka yi wa fada.

Baturen nan ɗan yawon duniya, Kilafaton, ya ratsa Zariya a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ya ƙiyasta mutanen birnin da dubu arba'in zuwa hamsin, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninsa shi ne gonaki da fadamu da ya tarar a cikin ganuwa, da dogayen itatuwan da ake hangowa tun daga nesa. Itatuwan nan har yau sunayen unguwanni suna riƙe da su: Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Danza, Rimin Kambari. A lungunmu ma akwai rimi guda, shi ne abu na farko da zan nuna wa baƙo da za a kawo mini shi. Gindinsa ya yi fukafukai kamar bangayen ɗaki, har mukan ɓuya a tsakaninsu muna yara. Ba wanda ya san shekarunsa. An hana mu zuwa gindinsa da tsakar rana, wai akwai masu wurin. Da na girma na lura cewa tsoron nan shi ya tsare shi daga gatari, domin 'yan'uwansa da ba a ce suna da kowa ba duk sun zama katako.

Wani abin mamaki shi ne, sau biyu mulkin birnin nan yana sauya hannu ba tare da an fasa ganuwar ba. A 1808, da Malam Musa Bamalli ya iso da tutar Shehu Usmanu, masu tarihin Abuja sun ce Sarki Makau yana filin Idi a bayan gari, bai sami komawa ciki ba, sai ya yi kudu zuwa Zuba. Ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. A 1902 kuma Turawa sun shigo ne bayan Sarki Kwasau ya nemi taimakonsu kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora da ya addabi ƙasar, ba a jima ba suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Sarauta ta yi ta zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, an naɗa, an tuɓe, an kora. A duk tsawon wannan lokaci mutanen bakin rafi suna nan suna jan ruwa da jigo, suna kai albasa kasuwa. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai dai shirun da lungun yake ciki yau ba shi ne halinsa na asali ba, kuma a nan ne na fi son in daɗe. In ka wuce rimin kaɗan, akwai wani fili da ya ɗan yi tudu, ƙasarsa toka-toka, ko ciyawa ba ta cika fitowa a kai ba. Kufan karofi ne. In an yi ruwa mai ƙarfi ya wanke ƙasa, sai bakunan rijiyoyin rini su bayyana, zagaye-zagaye, a cike da yashi. Na taɓa ƙirga goma sha ɗaya. Iya ta ce a ƙuruciyarta tun asuba ake jin ƙarar muciya a cikinsu, warin baba kuma yakan kai har cikin ɗaki, ya kama tufafi, ya kama abinci. Rini sana'a ce mai shan ruwa. Kowace rijiya sai an cika ta, a zuba baba da toka da katsi, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna ya yi kumfa, sannan a fara tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, a mayar, har ya yi baƙin da ake so. Daga nan a kai wa masu bugu su shafa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli. Sunan unguwar Mabuga shaida ne ga wannan aiki. Riga ta tashi daga hannun masaƙi zuwa marini zuwa mabugi zuwa maɗinki, wanda zai yi wata da watanni yana zuba mata aska da allura, aikin da har yau ake sallama wa Zazzau a kansa. Duk wannan jerin hannaye, tushensa a bakin ruwa yake.

Ba rini kaɗai ba. Dubi gini. Kowane tubali da ke cikin ganuwa da fada da zaurukan birni, ƙasa ce aka haƙa aka kwaɓa da ruwa, aka tattake da ciyawa, aka mulmula da hannu aka shanya. Kududdufan da ke warwatse cikin unguwanni ramukan da aka ɗebi ƙasar ne, kuma su ne suke tare ruwan sama su riƙe shi kafin ya gangaro rafi a hankali. Har abin da marina ta zubar ba ya tashi a banza: katsin da aka kwashe daga gindin rijiya a ƙona shi, a haɗa da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, sai ya zama laso, wanda ake shafe soro da shi ruwa ba ya ratsawa, da shi kuma ake dabe cikin rijiyoyin rinin kansu. Makuba daga ɓawon ɗorawa, azara daga giginya. Da irin waɗannan kaya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, ya ɗaga bakan gizo da ɗaurin guga da masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo. Ana cewa da dare yake aikin rufin shi kaɗai don kada a ga sirrinsa. Ko da haka ne, ba shi ya ɗebo ruwan kwaɓin ba. Akwai ɗaruruwan kawuna da suka yi ta jigilar tulu, kuma ina jin nauyin cewa ba a taɓa tuna su ko a hira ba.

A lungunmu saura zaure ɗaya mai irin wannan rufi, na wani gidan malamai. Ƙarami ne, bakan gizo biyu ne suka gitta a tsakiya, an kafa tasa a inda suka haɗu. In ka shiga da azahar a watan bazara sai ka ji kamar an zuba maka ruwa. Masu gidan suna yaɓe shi duk shekara kafin damina, amma maginin da ke yi musu ya tsufa, 'ya'yansa kuma bulo suka koya. Ranar 11 ga Agusta 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta ana sallar la'asar aka yi asarar rayuka, na ga maigidan ya fito ya daɗe yana duban rufin zaurensa bai ce komai ba.

To, me ya kashe lungun? Ba yaƙi ba ne, ba kuma annoba ba. Abubuwa ne suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alherinsa a hannu. Jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, aka kafa tasha a hayin Kubanni, Sabon Gari ya tashi, Tudun Wada ta biyo baya, ciniki ya koma inda kantunan Turawa da ma'aunin auduga da gyaɗa suke. Ilimin zamani ma, in ka cire makarantar da ta zama Alhudahuda, a waje ya yi sheƙa. Mishan ɗin Likita Mila da ya zauna cikin birni tun 1905 ya koma Wusasa wajen 1929. Kamfanin Gaskiya, inda Abubakar Imam ya yi aikin jaridar da aka fara bugawa a 1939, a Tukur-Tukur aka gina shi. Barewa ta dawo Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962. Birni ya riƙe sarauta da malanta, amma ƙafar mutane ta koma arewa da ganuwa.

A can Jamus kuma, tun 1897 masana'antu suka fara sayar da shunin da aka haɗa a kwalba ba tare da ganyen baba ba. Ya ɗauki shekaru kafin ya iso mu, amma da ya iso, tare da atamfa da shadda na kanti, sai aikin kwana bakwai ya koma na sa'a guda a cikin garwa a bayan ɗaki. Rijiyoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da marina ta mutu katsi ya ƙare, da katsi ya ƙare laso ya ɓace, siminti da kwano suka maye gurbi. Sannan famfo ya shigo. Iya takan ba da labarin ranar da aka fara buɗe shi a unguwarsu a zamanin Sarki Ja'afaru, mata suna guɗa. Ba na zargin kowa da yin murna, domin wanda bai taɓa ɗaukar tulu a ka ba shi ne yake yi wa tulu waƙa. Amma daga ranar da aka daina shan rafin aka daina jin kunyarsa. Gidajen da dā ƙofofinsu ke duban ruwa suka juya suka dubi titi, suka bar wa rafi bayan gida da makwarara. Leda ta zo ta ƙarasa aikin. Abin takaicin shi ne famfon ma bai riƙe amana ba: a gidanmu rabon da ya ɗiga tun ina firamare, 'yan garuwa muke saye a hannunsu, muna zaune a bakin rafi.

Ba mu kaɗai ba ne. Jakara ta Kano, wadda kasuwar Kurmi ta girma a gefenta, an zuba mata kankare an shimfiɗa titi a kanta, yaron da aka haifa yau zai taka ta bai san da ruwa a ƙarƙashinsa ba. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun yi haka su ma, suka rufe rafin tsakiyar gari da babbar hanya, daga baya suka kashe maƙudan kuɗi suka fasa hanyar suka sake buɗe shi a 2005. Mu ba mu da irin kuɗinsu na yin kuskure sau biyu.

Abin da ya rage da rai a lungun shi ne lambuna. Da kaka ta wuce sai a ga an tayar da kunyoyi, an yi fangali, albasa da latas da alayyafo da tumatir da karas sun rufe bakin rafi da kore, rake kuma a can inda ƙasa ta fi laima. Jigo ya ɓace, injin ban ruwa ya gaje shi. Ba zan ɓoye ba, ruwan da ake ba shukar nan da rani ba ruwan da zan so a wanke mini latas da shi ba ne, kuma masu lambun sun fi kowa sani. Ɗaya daga cikin lambunan na Iya ne, ta gada daga mahaifinta wanda marini ne. Wani dattijo maƙwabcinmu ne yake noma shi tun kafin a haife ni, yana kawo mata kason da suka yi alkawari, ba takarda, ba shaida.

Da ta rasu aka zo rabon gado. Magada tara ne, lambun kuwa bai kai a yanka shi tara ba. Wani mai kuɗi ya aiko cewa zai saya, ya cike shi da ƙasa ya ɗaga, ya gina ɗakunan haya. Baffana, wanda shi ne babba, ya kira ni zaure ya ce, "Kai ne ɗan boko. Gobe ka zo da igiyar awo ka auna mana, ka rubuta takarda." Na ce, "Baffa, in aka cike nan, ruwan da ke kwanciya a wurin da damina ina za shi?" Ya ce, "Inda na sauran ya tafi." Ya kuwa san inda ya tafi, domin daminar bara, bayan an cike kududdufin da ke bayanmu an yi shaguna, ruwa ya shigo har tsakar gida ya kwantar da katangar gwaggona. Fadama da kududdufi su ne huhun da birnin yake numfashi da su in sama ta sauke kaya. Kowane wanda aka toshe, maƙwabcin da ke ƙasa ne yake biya.

Amma ban iya yi wa Baffa wa'azi ba, kuma ba don kunya kaɗai ba. Yana da 'ya'ya mata biyu da za a aurar. Gwaggo tana son ta tayar da katangarta. Ƙanin mahaifina yana bin asibiti da ciwon ƙoda. Ni da nake maganar Kilafaton da laso, da kuɗin wa aka biya mini makaranta in ba nasu ba? Tarihi yana da daɗin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Kuma haƙƙinsu ne da Allah ya ba su, ba wanda ya isa ya hana magaji cin gadonsa don rimi ya ji daɗi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce birnin da ya san darajar ƙofofinsa har yake sake gina su da siminti yana musu fenti, bai taɓa zama ya ce ga iyakar da gini zai tsaya daga bakin ruwa ba. An bar wa talaka mai gado tara shi kaɗai ya zaɓa tsakanin aurar da 'yarsa da tsare garin Bakwa daga ambaliya.

Washegari na je da igiyar awo. Dattijon mai lambu yana tsugune yana cire ciyawa a cikin albasa, ya ɗago ya dube ni, ya dubi igiyar, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan Iya." Shi ya riƙe mini ɗaya bakin. Muna ja zuwa kusurwar gabas ƙafata ta yi tuntuɓe da wani abu mai tauri. Na tona da hannu, sai ga bakin rijiyar rini, ta goma sha biyu, wadda ban taɓa sanin da ita ba. Lasonta yana nan sumul, da na kankara da farce sai ga shuɗi a ƙarƙashi. Dattijon ya ce ta kakan mahaifina ce, ya san da ita, shi ya sa ba ya kai garma wurin.

Na rubuta awon na kai wa Baffa, tsawo da faɗi, ban rage ko taku ɗaya ba. A ƙasan takardar na ƙara lissafin abin da lambun yake bayarwa a shekara in an ba da shi haya da tsada irin ta yanzu, da shekarun da za a ɗauka kafin ya kai kuɗin mai saye. Shekarun suna da yawa. Baffa ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce a bari albasar da ke ƙasa ta nuna a cire, tunda ba a sayar da gona da guminta a ciki, sannan a sake zama.

Albasar saura mako uku.